Layin Dogo a Falonmu na Al-Sadd

Wata takwas muka yi ni da 'yata muna shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan wani faffaɗan katako a falonmu na unguwar Al-Sadd, can ƙasar Larabawa inda nake aiki. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Ita ke fenti da dasa itatuwan soso, ni ke haɗa waya. Tashar Kafanchan muke kwaikwayo, inda mahaifina ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran layi, inda kuma ya taɓa ƙera mini jirgi da gwangwanin madara. Burina ɗaya ne: idan ya zo, ya ga jirgin ya zagaye katakon ya tsaya a tasharsa.

Da zafi ya tsananta muka tafi hutu gida, na kashe na'urar sanyaya ɗaki. Muka dawo tare da Baba, bizarsa ta wata ɗaya. Ina yaye zanen da muka rufe katakon da shi, na ga layin ya banƙare wuri uku.

Baba ya sunkuya, ya bi ƙarfen da yatsa.

"Ina tazarar?"

"Wace tazara, Baba?"

"Tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In ya sha zafi ya miƙe, ina zai shiga?"

Duk gaɓoɓin na liƙe su da dalma don layin ya yi sumul. Tun sakandare na san ƙarfe na miƙewa. Ban ɗauka dokar ta hau kan wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba.

Na ce mu gyara wuri ukun kawai. Ya ce duka za a ɗaga.

Idanunsa ba sa gani sosai a hasken fitila, saboda haka daga la'asar zuwa magariba kaɗai ake aiki, ni kuwa sai wajen ƙarfe biyar nake dawowa. Kowace gaɓa sai ya zura reza ya auna. Gaɓa huɗu a yini, wata rana uku. 'Yata ke yanka, shi yana tsokanarta.

"Amarya, hannunki na rawa. Haka za ki yanka mini albasa?"

"Kai dai tsoho, yalla, yi sauri, bizarka na ƙarewa!"

Su suna dariya, ni ina ƙirga kwanaki. Sau biyu na ɗora kan jirgin a ɓangaren da aka gama, sau biyu ya sauke shi.

"Ba a sakin jirgi a layin da ba a gama dubawa ba."

"Baba, abin wasa ne fa."

"To, wasa ka kira ni in gani?"

Ranar tafiyarsa saura gaɓa goma sha huɗu. Na roƙe shi ko rabin zagaye ne a yi. Ya girgiza kai, ya ɗauki sandarsa, ya ce mu tafi filin jirgin sama kada mu makara.

Bayan kwana tara muka gama. Jirgin ya zagaya lafiya, ya tsaya a Kafanchan. 'Yata ta ɗauka a waya, muka tura wa ƙanena a Kaduna ya nuna masa. Ƙanena ya ce Baba ya kai wayar dab da fuska, ya juya ta, ya ce abin ya yi ƙanƙanta, ba ya ganin komai, a bari sai ya dawo ya gani da idonsa.

Bai sake samun lafiyar doguwar tafiya ba.