Uwar da Nassirou Ya Binne da Bakinsa

Kafin a fara kiransa Nassirou, shekara ashirin da biyu ya yi yana amsa Mishel. Ubansa tela ne daga ƙasar Benin, ya zauna Magaria yana ɗinka wa ma'aikata kaya har rai ya yi halinsa. Uwarsa Selestin kuwa, duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a garin ya ci fankenta. Ƴan Katolika ne, irin waɗanda ba su cika gida biyar ba a unguwar. Yana da wata uku suka hau mota da shi har Damagaram, mompera, limamin coci, ya zuba masa ruwan baftisma a ka.

Musuluntarsa ba ta neman mace ba ce, ba kuma ta neman abin duniya ba. Ya koyi gyaran moto, wato babur, cikin mutane masu salla, ya yi ta sauraro yana tambaya, har zuciyarsa ta natsu. Da ya faɗa wa uwar, kwana uku ba ta ce masa uffan ba. Amma da azumi ya zo, ita ta riƙa dama masa kunun buɗa-baki. Malamin da ya ba shi kalmar shahada ma sai da ya ja masa kunne, ya ce kada ya kuskura ya wulakanta mahaifiyarsa. To ka ji, ba wanda ya sa shi abin da ya yi daga baya.

Ya koma garin Dogo-Dogo ya kafa rumfar gyara. Hannunsa na da kyau, ba ya ha'inci, nan da nan ya yi jama'a. Can ya ga Ramatou, ƴar Malam Alhassan manomi. Ranar da ya je gaisuwa, tsohon ya tambaye shi iyayensa. Sai tsoro ya kama Nassirou, wai kada a ce ɗan Kirista ne a hana shi.

"Duk sun rasu, Baba," in ji shi.

"Allah ya jiƙansu. Yaya sunan mahaifiyar taka?"

"Hamida."

Sunan da ya fara zuwa bakinsa ke nan. Wa ya sani, da ya faɗi gaskiya ƙila tsohon ya ba shi ƴar, don mutum ne mai sauƙin kai. Amma bai gwada ba. Shekara huɗu, duk ƙarshen wata sai ya ce zai je Magaria sayen kayan moto, ya zauna tsakar gidan uwarsa ya ci ya ƙoshi, ya dawo yana maraya.

Da Ramatou ta haifi mace, murna ta sa ya kira uwar a waya. Ya ce kada ta wahalar da kanta, damina ta ɓata hanya. Ina! Ana gobe suna da la'asar sai ga Selestin a kan amalanke, da kwanon fanke a cinya. Ta cire gicciyen wuyanta, ta yi lulluɓi kamar kowace tsohuwa, don a zatonta addininta kaɗai yake jin kunyarsa. Mata suka fito suna tambayar wace ce baƙuwar.

"Maƙwabciyarmu ce a Magaria," in ji Nassirou, idonsa a ƙasa. "Ta riƙe ni ina ƙarami."

Ta dube shi, ta ce, "Haka ne." Ta ajiye kwano ta nufi wurin tukwane.

Washegari da safe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro, aka kayar da rago. Abin da Nassirou bai yi lissafi da shi ba shi ne karamcin surukinsa. Malam Alhassan ya miƙe ya ce tun da yaron nan maraya ne, kuma bai taɓa saɓa masa ba, a mayar masa da sunan mahaifiyarsa. Liman ya raɗa, maroƙi ya ɗaga murya don mata su ji daga ciki:

"Sunan yarinya Hamida, takwarar marigayiya kakarta! A yi wa marigayiya addu'a, Allah ya haskaka kabarinta!"

Ta ɓular zana Nassirou ya hango uwarsa riƙe da muciya. Ta tsaya cak. Matan da ke kewaye da ita suka ɗaga hannu, ita ma ta jingine muciyar ta ɗaga nata, ta shafa tare da su. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Mutane na ta miƙo masa hannu suna barka, yana karɓa kamar gunki.

Ta gama tuƙin, ta wanke tukwane, ta ɗauki jaririyar sau ɗaya kamar yadda kowace baƙuwa ke yi. Bayan azahar ya raka ta bakin hanya neman abin hawa. 

"Mishel," ta fara, sai ta gyara. "Nassirou. Ciwo na yi, ko haɗari ne?"

"Mama, don Allah..."

"Matarka ce ta tambaye ni ko na ga rasuwar uwarka. Na ce ina wurin. Yarinyar kirki ce, za ta sake tambaya. Faɗa mini abin da ka ce musu, kada bakinmu ya saɓa."

Ya dubi ƙafafunsa, ya ce, "Zazzaɓi."

"To," in ji ta. Ta gyara lulluɓinta, ta ɗaga wa mai moto hannu.