Maganar da Ta Sayar da Gonar Ƙanena

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa, har da fuskokin wasu abokan ƙuruciya, amma ranar da aka kaɗa ƙararrawa a gonar ƙanena ba za ta fita daga kaina ba sai ƙasa ta rufe idona. A lokacin garin nan bai zama Suleja ba, Abuja muke ce masa, kuma ba a daɗe da sanar da cewa za a gina babban birnin ƙasa kusa da mu ba.

Ni tela ne a kasuwa. Keke ɗaya, rumfa ɗaya, amma girman kai sai ka ce mai kanti goma. Ƙanena kuwa manomi ne, yana da gona a hanyar Zuma wadda ya sare da hannunsa, doya da dawa, da mangwaro bakwai a bakin rafi. Da ita yake ci da matarsa da 'ya'ya huɗu. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi ana tsakiyar damina.

Da aka gama masa sutura aka ajiye makara a ƙofar gida, liman ya juyo kafin a tayar da salla, ya ce, "Jama'a, wanda ya san yana bin mamacin nan bashi ya yi magana, ko ya yafe, ko a san mai biya." Haka ake yi a garinmu, don kada a kai mutum kabari da nauyin wani a kansa. Kuma duk wanda ya saba zuwa jana'iza ya san a nan ne zukata ke yin laushi. Na sha ganin mai taurin hannu ya dubi likkafani ya ce ya yafe.

A sahu na biyu akwai wani Alhaji mai sayar da kwanon rufi da siminti. Na ga ya yi gyaran murya ya fara ɗaga hannu. Raina ya ɓaci nan take. Wato a gaban mutanen unguwa za a tona asirin ɗan'uwana, ina tsaye? Na yi caraf na ce, "Allah gafarta Malam, ba sai kowa ya yi magana ba. Duk abin da ake bin sa na ɗauka, yana wuyana. Mu gidanmu ba a yafe mana bashi, biya muke yi."

Aka ɗauka da "Madalla" da "Ɗan halak ke nan." Ba zan ɓoye ba, duk da baƙin cikin da nake ciki na ji daɗin yabon. Alhaji ya sauke hannunsa. A zatona kuɗin taki ne, wanda bai wuce fam biyar ba.

Bayan sadakar arba'in Alhaji ya zo rumfata, ya zauna a kan benci, ya miƙo mini takarda da rubutun ajami da sunayen shaidu biyu. Fam ɗari huɗu. Naira ta fito a lokacin, amma mu da fam muke lissafi. Ashe ƙanena ya ranta ya sayi injin niƙa, injin ya mutu kafin shekara, kuma gonar ce ya jinginar. Alhaji ya bar shi yana nomanta saboda mutunci.

Na tafi wajen matar marigayin da zafina. "Kin san da wannan magana kika yi shiru?"

Tana tsintar shinkafa a faifai, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ai ba ka tambaye ni ba."

Gaskiyarta. Ban tambayi kowa ba.

Shekara guda ina yi wa Alhaji gobe da jibi, har ya gaji ya kai magana kotu. Alƙali dattijo ne mai sanyin murya, irin wanda ba ya ɗaga ido daga littafi. Ya ce, "Malam tela, an ce a gaban jama'a ka ɗauki bashin nan."

"Na ɗauka, Allah gafarta Malam."

"To, ina kuɗin?"

Na sayar da rediyo, da rigar salla, da tunkiya biyu na uwargidana, na haɗa fam sittin. Na ajiye a gabansa. Ya ce ba a raba gado sai an biya bashi, kuma jingina tana nan daram tunda wanda ya ɗauka ya kasa. Ya ba ni wata uku, ya ce in sun cika babu cikon kuɗin a yi gwanjon gonar. Na zagaya dangi, kowa ya ce ai sun ji da kunnensu na ce na ɗauka. Wata uku suka cika.

Ranar wata Talata da hantsi muka taru a gonar. An riga an haƙe doya, mangwaro ya yi fure. Masinjan kotu ya tsaya a kan kunya yana kaɗa ƙararrawa yana kiran tayi. Mutanen garinmu da suka zo kallo ba wanda ya taya, suna jin kunyar marayu. Baƙi ne suka yi ta tayawa, waɗanda labarin sabon birni ya kawo su. Wani ɗan kwangila da ko sunan rafin bai sani ba ya saye ta fam ɗari biyar da ashirin. Kafin azahar an gama.

Muna dawowa Alhaji ya tsayar da motarsa ya ce in shigo. Na shiga. Mun yi nisa kafin ya ce, "Malam tela, ka san abin da na ɗaga hannu zan faɗa ran nan?"

Na ce ban sani ba.

"Yafewa zan yi. Na dubi makarar nan, na tuna yaransa, na ce a raina duniya nawa take. Sai ka ce gidanku ba a yafe muku."

Na ce, "To Alhaji, me ya hana ka yafe daga baya?"

Yana kallon hanya ya ce, "Da na faɗa a gaban liman, da ba ni da halin janyewa. Da na koma kanti na buɗe littafi, sai zuciyar ta koma yadda take. Ni ma ɗan Adam ne."

Ban ji haushinsa ba, har yau. Abin da ya rage na kuɗin gonar aka raba wa magada, bai kai shekara biyu ba ya ƙare a cefane. Matar marigayin ta kwashi 'ya'yanta ta koma ƙauyen iyayenta, ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. An sare mangwaron aka buga bulo a wurin.

Tun daga ranar, in liman ya yi tambayar nan a wurin jana'iza, nakan sunkuyar da kai in kama bakina har mai magana ya gama. Na koyi cewa mutuncin da na tashi karewa nawa ne, ba na mamaci ba, kuma marayu huɗu ne suka biya kuɗinsa.