Takwarar Kaka Altine

Ranar wata Litinin ce, sati biyu bayan saukowa daga Arfa, a shekarar da na cika sha biyu. Muna saman soron gidanmu na kan dutse a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki, bayan la'asar, ni da kakata Altine, muna ƙulla alkama a 'yan ledoji, irin wadda ake sayar wa alhazai su watsa wa tattabaru. Aikin ya ishe ni, ga ƙawayena can ƙasa suna 'yar gala-gala, sai na tura littafi ƙarƙashin faranti ina satar karatu. Wata 'yar ajinmu ce ta ara mini, na Larabci, bangonsa a yage. Labarin wani saurayi ne a zamanin sulke da takobi, wanda sarki ya aika ya kashe wata dabba mai fukafukai da ke feso wuta daga kogon dutse. Idon Kaka ya fara rauni a lokacin, amma bai taɓa kuskuren malalaci ba. Ba ta ƙwace littafin ba. Cewa ta yi tunda hannuna ya mutu, to bakina ya yi aiki, in faɗa mata abin da ke ciki, kuma da Hausa.

Nan aka zo wurin. Hausata a lokacin ba ta wuce ta aike ba: zo, tafi, na ƙoshi. Mu yaran gidan, a yi mana Hausa mu mayar da Larabci. Haka na riƙa ɗingishi har na iso kan dabbar, na laluba ban sami sunanta ba, sai na faɗe shi yadda yake a rubuce, attinnin. Kaka ta saki ledar da ke hannunta. "Wa za a kashe? Attanin?" A bakinsu na Sakkwatawa haka ake kiran Litinin, ranar da aka haife ta, inda ta samo sunanta. Na yi ta bayani, na ce kamar dodo ne, ta ce dodo na tatsuniya ne, wannan kuwa mai suna ce. "Ashe takwarata ce. To mi ta yi musu?" Na duba littafin sama da ƙasa, ban ga laifinta ba sai zama a kan dutse.

A watannin nan ne aka shafa jan fenti a bangon gidanmu, alamar rusau ya iso layinmu. Babana ya kama haya a unguwar Kudai, Kaka ta ce ba inda za ta. Tana budurwa ta iso garin nan da ƙafa, bayan shekaru a hanya, kuma mijinta ne ya hau da duwatsun ginin nan a kafaɗarsa. Kullum in na ɗebo zamzam na sayo burodin tamis, sai ta zaunar da ni a ci gaba da labari. Rannan ta ce, babana na ji, "Ita ma a dutsenta sunka iske ta. Ranar da anka fidda takwarata, ku zo ku ɗauke ni." Ni kuwa na riga na karanta ƙarshen, na san inda takobin ya shiga.

Sai na shiga ƙarya. Mai littafi ta karɓi abinta, na koma riƙe littafin lissafi ina buɗe shafi kamar gaske. Yau dokin saurayin ya gurɗe, gobe kogi ya cika ya hana shi ƙetarewa, jibi ya manta takobi a gida. Kowace ƙarya kuma da kalmomin da take nema, ni ba ni da su. In na ce abin nan na bakin doki, ta ce linzami. In na ce gidan takobi, ta ce kube, ta ƙara da cewa 'yar Larabawa ta ji kunya. Wata uku ina jan saurayin nan a daji, na gaji, shi ma na tabbata ya gaji. Amma a zatona ni ce ke riƙe da gidanmu, in na yi shiru katafila za ta shigo.

Ta shigo ɗin. A kan kujera babana da ƙanensa suka sauko da Kaka daga matattakalar dutsen, ba ta ko waiwaya ba. A Kudai aka ba ta ɗaki a hawa na huɗu, tagarsa na kallon tashar motoci. Kwana uku ba ta tambayi takwararta ba. A na huɗu na kasa daurewa, na durƙusa ina kuka, na zayyana mata komai, tun daga littafin lissafi har mutuwar dabbar. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Tun sati na biyu na sani. Wane sakarai ka zuwa yaƙi ya mance takobi? Amma da na tanka, da kin koma Larabcinki. Ji bakinki yanzu, ko gargada babu."

Yau wani dogon otal ne a inda soronmu yake, ban ma iya nuna daidai wurin. Kaka ta daɗe da rasuwa. Ni kuma aikin asibiti nake, in lokacin Hajji ya zo sai in dawo gida ƙafafuna a kumbure, magana ma nauyi take mini. 'Yata Safiya tana karanta irin labaran nan a waya, dabbobin sun fi na zamaninmu girma da yawan kawuna. Kwanan baya na ce ta ba ni labarin ɗaya da Hausa. Ta yi jimla biyu, ta tsaya tana lalube, ta ce da Larabci, "Mama, na gaji." Na ce ba komai, domin ni ma a gajiye nake. Sai da ta fita na tuna Kaka ta fi ni gajiya, ga gidanta ana shirin rushewa, amma ta zauna wata uku tana sauraron ƙarya don kada bakina ya mutu.