Karkataccen Ginin Ƙanwata

Shekarar da ƙanwata ta dawo hutu Azare daga karatun digiri na uku, ni aka naɗa tafinta tsakaninta da Baba, don kawai na taɓa koyar da lissafi a firamare. Saura mata shekara biyu, Baba kuwa ya ce ba za ta koma ba sai ya gane abin da take yi.

Baba magini ne. Daga Katagum har Gololo akwai katangunsa, kuma bai yarda da ginin da bai shafa da tafin hannunsa ba.

Bayan la'asar muka zauna a zaure. Ta ce gini take yi ita ma, amma da DNA, zaren halittar da ke jikin kowane mai rai. Ana samun dogon zare guda da gajeru masu yawa, a zuba a ruwa mai ɗan gishiri, a ɗumama, a bar shi ya huce a hankali. Kowane gajere sai ya nemi gurbinsa da kansa ya kama, har dogon ya naɗe ya zama siffar da ta zana. Dubunsu ba su kai kaurin gashi ba.

Wallahi tun daga gishirin na ɓata. Na dai riƙa gyaɗa kai ina maimaita wa Baba maganarta da ƙarfi, kamar ƙarar murya ce bayani.

Baba ya tambayi wa ke ɗora bulo, ta ce babu. Wa ke riƙe igiyar awo, babu. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce shi a saninsa ginin da ke tashi ba hannun kowa, kuma ido ba ya ganinsa, masu yinsa ba mutane ba ne, ba kuwa zai tura 'yarsa ta yi musu aiki ba. Abin kunya, ni ma sai da na fara zargin haka.

Ta miƙo min wayarta in nuna masa hoton ginin da na'urar hangen ƙananan abubuwa ta ɗauka. Garin gaggawa na wuce wanda take nufi, na buɗe wani. Siffofi ne masu kusurwa uku, rabinsu a karkace, wasu baki buɗe. Ashe na watannin da aikin ya ƙi ne, wanda take ɓoyewa. Ta harare ni, idonta ya ciko.

Baba ya karɓi wayar ya kai ta dab da hancinsa, ya daɗe yana bin su da farce.

"Wannan naki ne?"

"Nawa ne, Baba," ta ce da ƙyar.

Ya yi ajiyar zuciya ya miƙa mata wayar. "Aljani ba ya irin wannan kwaɓa, aikin ɗan koyo ne. Ki koma ki gyara. A gidan nan ba a barin gini a karkace."