Kwalba ta Goma Sha Huɗu

Sun dakatar da Inna mai wankin kwalabe daga aiki, wai ta fitar da kayan ɗakin gwaji ba izini.

Shekara ashirin da biyu tana tsaye bakin famfon nan, sabulu har ya cinye mata fatar hannu. Ba ta yi boko ba, amma ta san abin da masu fararen riguna ke nema: cikin ƙwayoyin da ke sa madara tsami, wacce za ta shiga cikin mutum da ranta ta yi masa amfani. Kwalba talatin, kowacce da irinta. Inna da hanci take rarrabe su, har takan ce wa Dakta mai jagorantar binciken:

"Dakta, ta goma sha huɗun nan yau ba ta jin daɗi."

"Inna, ke ce likitarta?"

"Yo ku da takarda, ni da hanci."

Sai aka shiga yajin aiki, aka yanke wuta. Ranar da ta leƙa ɗaukar takalmanta, ta tarar firji ya mutu, wari ya cika ɗakin. Ta bi kwalaben tana sansanawa. Ta goma sha huɗu kaɗai ke da sauran rai. Ta ƙulle ta a bakin zane ta tafi gida. Wata biyar cur, duk kwana uku sai ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba cokali ɗaya daga tsohuwar, ta rufe. 'Yarta har tsokanarta take: "Inna, ƙanwar tamu ta ci abinci?"

Da aka janye yajin aiki aka buɗe ɗakin, ta mayar da ita. Dakta ya sa ƙwayar cikinta a ruwa mai tsami irin na cikin mutum, ta rayu. Ya zuba mata ruwan matsarmama, ta rayu. Ya haɗa ta faranti ɗaya da ƙwayar gudawa, washegari aka ga fili fes kewaye da ita, cutar ta kasa matsowa. Ya ja Inna gaban madubin gwaji mai ƙara girman abu. 'Yan sanduna ne ƙanana, dubbai, reras. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah! Ashe ku nake ta ciyarwa."

Dakta ya rubuta gaskiya a rahotonsa, har da inda kwalbar ta yi wata biyar. Wannan layin ofis ya gani ya miƙa wa Inna takardar dakatarwa. Kwalbar kuwa tana sabon firji, ana kawo baƙi suna kallonta.

Shugabannin wurin, ku janye takardar nan, ku mayar da Inna bakin famfonta cikin makon nan. In kuwa sata ce, to ku zubar da kwalbar mu gani.