Na Je Jos Cire Haƙori, Na Baro Ɗanɗanona

Kuru, da asuba

Matan ajinmu na yaƙi da jahilci, kun ishe ni da tambayar yadda tafiyar ta kasance, kuma doguwar magana wahala take ba ni yanzu. Ga shi a rubuce. Wadda ba ta kai ga haɗa baƙi ba tukuna, ta ba ta kusa da ita ta karanta mata.

Na fita ana idar da sallar asuba, ana yayyafin nan na watan Agusta mai shiga ƙashi. Kuncina ya kumbura kamar na cusa dankali. Turamen haƙorina ne na can ƙarshe, biyu na ƙasa, da suka ƙi fitowa suka kwanta cikin dasashi. Babu abin da ban gwada ba: kanumfari, gishiri da kanwa, man zafi. Wanzamin unguwarmu ya leƙa, ya mayar da awartakinsa cikin zabira, ya ce wannan a kwance yake, aikin asibiti ne.

Kun san sana'ata. Tun kafin in haifi autana nake sayar da tuwo da miya a bakin titi, kuma ban taɓa auna gishiri ba. In ɗiga miya a tafin hannu, in lasa, harshena ya gaya min abin da ya rage. Da shi na ciyar da gida bayan rasuwar uban yaran. Shi ya sa da zan fita na tsayar da Rabi, matar ɗana Sabitu, wadda aikinta a rumfa tuƙin tuwo ne da wanke-wanke. Na ce ta dafa shinkafa da wake kawai har in dawo, kada ta kuskura ta ɗora miya da sunana. Ta ce to, Inna, kanta a ƙasa.

A bakin hanya na tarar da Mama Chundung, 'yar Birom ɗin nan da nake sayen tumatir da alayyafo a wurinta. Za ta kai dankali kasuwa. Ta dubi fuskata ta ce, "Maman Sabitu, wa ya mare ki? Ki nuna min shi in yi masa godiya." Na so in rama, baki ya ƙi buɗuwa. Tare muka shiga bas.

Bukuru

Gilashin gefena ya fashe, an toshe da kwali, iska tana shigowa ta kan haƙorin nan kai tsaye. Na naɗe kai da mayafi har biyu. Kafin Bukuru 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, ya ce in buɗe fuska. Na buɗe. Ya ja baya da sauri ya ce, "Sorry Mama," ya ɗaga wa direba hannu. Direba ya ce gobe ma in biyo shi, ba zai karɓi ko sisi ba, tunda fuskata ta fi takardun motarsa aiki. Duk motar ta yi dariya. Ni kuwa kowane rami muka faɗa sai in ji kamar an buga min ƙusa a kunne.

A Bukuru muka sake mota. Mama Chundung ta sayo shayi, ta miƙo min. Na kurɓa sau ɗaya, na mayar mata. Da na san shi ne shayi na ƙarshe da zan ji zaƙinsa, da na shanye.

Jos, Gangare

Mun sauka kusa da ƙonanniyar babbar kasuwa, inda 'yan kasuwar suka baje kaya a titi. Nan muka rabu. Na hau acaɓa zuwa Gangare, gidan yayata Talatu. Lungunan sun cika da ruwa, yaron ya sauke ni a bakin kwata, na ƙarasa a ƙafa.

Yaya Talatu ta ajiye min faten dankali, ban iya ci ba. Da hantsi ta raka ni asibiti. An ɗauki hoton muƙamuƙina, likita ya ɗaga shi a haske. Saurayi ne, Hausarsa irin ta 'yan Jos, rabi da Turanci. Ya ce duka biyun sai an tsaga an fitar, kuma saiwarsu tana kusa da wata jijiya. Ban tambayi ta mece ce ba. Wanda ciwo ya hana barci ba ya tambayar jijiya.

Ranar cirewa

An yi min allurai a baki har na daina jin fuskata. Zafi ban ji ba, amma na ji komai: ƙarar injin, ƙasƙas ɗin haƙori yana fashewa, da nauyin hannun likita kamar mai cire turke. Na dama ya fito da sauƙi. Na hagu ya yi gardama, sai gunduwa-gunduwa aka fitar da shi. Na ji likita ya yi tsaki sau biyu. Ya ɗinke, ya cusa auduga, ya ce in cije.

Nas ta yi min bayani a tsaye, tana kiran mai bi min. Kada in tofa, kada in ci abu mai zafi, kada in kurkure baki sai gobe. Na ji ta sarai. Amma ni na ɗauka kurkurar bayan cin abinci take nufi. Ko da wasa bai zo min ba cewa har da alwala.

Muna isa gida aka kira azahar. Na ɗauki buta, na cire audugar, na kurkure baki sau uku kamar yadda nake yi tun ina yarinya, da ƙarfi, na furzar. Wani gudan jini ya faɗo kamar hanta. Na ce alhamdulillahi, dattin ya fita. Haka na yi da la'asar, haka da magariba. Yaya Talatu kuma ta ce ciwo ba ya warkewa sai da wuta, ta ɗora ruwa, ta gasa min kunci da tsumma kamar mai jego, ta dama kunun kanwa mai tururi ta tsaya a kaina sai da na sha.

Kwanakin kwance

Allurar ta saki ko'ina ban da harshe. Gefen hagu ya zama kamar tsokar wani aka ajiye min a baki. Yaya ta ce kumburi ne.

Bayan kwana biyu sai ga wani ciwo da ya sa na raina na farko. Daga ramin haƙorin ya hau kunne, ya hau ido, ya zauna a tsakar kai. Bakina ya yi wari har jikokin Yaya suna kewaye ni. Na haihu sau bakwai ban yi kuka ba. A tsakar gidan nan na zauna kan turmi ina hawaye, mata suna wucewa suna sannu.

Muka koma asibiti. Likita ya leƙa, ya tambaya ko na kurkure baki. Na ce a'a, sai dai alwala. Ya dafe kai. Ya ce gudan jinin nan da na zubar shi ne murfin ramin, yanzu ƙashi ne a buɗe. Ya wanke, ya cusa wani magani mai warin kanumfari. Na gaya masa zancen harshe, ya ce mu jira tukuna.

Da muka dawo Yaya ta aika a tambayi malamin makarantar allo na lungunsu. Ya aiko cewa kurkurar baki a alwala sunna ce, mai lalura ta bar ta, sallarta ta yi. Na ce a koma a tambaye shi ina ya ajiye wannan maganar duk shekarun nan. Yaya ta hana a kai saƙon. Ku dai ku ji, ku gaya wa 'ya'yanku.

Miyar Juma'a

Ciwon ya fara lafawa. Kunu nake sha da fate, duk ɗanɗanonsu ɗaya, kamar na tsotsi tsohuwar ƙusa. Na ɗora laifin a kan maganin likita.

Ranar Juma'a na ce ni zan yi girki. Ba na zama a gidan mutane ana ciyar da ni kamar gawa ta ƙi tafiya. Na sa aka sayo kabewa da yakuwa da gyaɗa a kasuwar Dilimi, na ɗora miyar taushe. Na ɗiga a tafin hannu, na lasa. Lami. Na ƙara gishiri. Na lasa. Lami. Na ce gishirin Jos ma ya lalace. Na ƙara, na sa daddawa, na sake ƙarawa, har na ji wani abu kaɗan can gefen dama, na sauke.

Maza suka dawo daga masallaci aka kai musu. Kwano ya dawo, an ci. Mijin Yaya ya aiko da sannu da aiki. Matan gidan suka ci, suna shan ruwa, suna cewa hannun Uwani, wato ni, daban ne. Yaya Talatu har da ƙari. Na ji daɗi a karo na farko tun da na baro Kuru.

Ana cikin haka sai ga Mama Chundung ta zo duba ni. Ta ce ba za ta daɗe ba, tana so ta bar unguwar kafin la'asar, kun san yadda garin ya koma tun bayan rikici. Aka zuba mata. Ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta dubi matan gidan ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya dafa wannan?"

Na ce ni ce.

"Ƙarya ne. Na san miyanki." Ta juya wajen Yaya. "Ku kuma kuna ci? Ko akuya ba zai sha wannan ba. Gishiri ne zalla."

Yaya Talatu ta ce, "Haba, ba ta da lafiya ne, kara ai ta fi."

Na miƙe na je bayan ɗaki inda ake zubar da wanke-wanke. Ga miyar maza can a kwata, da kabewarta. Ashe ba su ci ba. Na dawo, na ɗebi gishiri a tafin hannu, na zuba a gefen hagu na harshena. Kamar yashi. Na sa sukari. Yashi. Na tauna ɗanyen attarugu, hawaye ya zubo, amma bakin bai ce komai ba.

Na ce wa Yaya, "Da a rumfata ne, haka za ku bar ni in zuba wa mutane?"

Ta hau tattara kwanuka. Mama Chundung ce ta zauna kusa da ni har lokacin tafiyarta ya wuce.

Asibiti, karo na ƙarshe

Da na je cire zare, likita ya sa na rufe ido, ya tsikari harshena da wani tsinke. A dama na ji. A hagu sai da ya ce ya gama na san ya fara. Ya ce jijiyar nan ce ta taɓu. Wani lokaci tana farfaɗowa bayan watanni, wani lokaci ba ta dawowa. Ɗanɗanon gefen dama kuma mai yiwuwa ya gyaru in maganin ya fita.

Na ce, "Likita, ni mai tuwo ce."

Ya ce ai zan iya cin tuwo nan da mako guda. Bai gane ba, ni kuma ban da ƙarfin fahimtar da shi. Ba na zaginsa. Ya gaya min akwai jijiya, ni ce ban tambaya ba. Amma da ya tambayi sana'ata kafin ya ɗauki wuƙa, da na ji sanyi.

Komawa

Yaya ta raka ni tasha da ƙullin dambu, muka yi sallama sama-sama. Motar Bukuru ta cika da wuri. Wata mata a gefena tana cin gasasshiyar masara, ƙamshin yana shiga hancina. Hanci dai yana nan, shi ne abin takaicin. Ta gutsuro min, na ce na ƙoshi. A shingen 'yan sanda babu wanda ya ce in buɗe fuska. Kumburi ya sace, kowa ya ga lafiyayya.

Na sauka Kuru rana ta karkata. Tun daga nesa na hango bencina babu kowa sai direba ɗaya. Sauran suna can rumfar da ke tsallaken titi. Rabi ta bi umarnina, shinkafa da wake take dafawa tun ranar da na tafi, kuma ba wanda zai ci shinkafa da wake kullum.

Washegari na ɗora miyar kuka. Hannuna ya san komai, man ja, daddawa, lokacin kaɗawa. Na ɗiga a tafin hannu, na kai baki, don jiki ya saba. Na tsaya da ludayi a hannu. Rabi tana tsugune tana wanke kwanuka, ta juya min baya, amma na san tana ji na.

Na ce, "Rabi, wanke hannunki ki zo."

Ta zo. Na ɗiga mata a tafi. Ta lasa, ta ce ya yi, Inna.

Na ce, "Dube ni. Na sha 'ya yi' a Gangare har na ƙoshi. In kika yi min kara a kan tukunyar nan, yunwa za ta kashe mu duka."

Ta sake lasa. Murya can ƙasa ta ce, "Da saura kaɗan."

Na miƙa mata gwangwanin gishirin.

Yau wata na uku ke nan. Kowace safiya kafin in yi alwala ina sa ƙwayar gishiri a gefen hagu in jira. Har yanzu yashi. Direbobi sun fara dawowa, jiya ɗaya ya ce miyar Maman Sabitu ta ma fi da. Ban gyara masa ba, Rabi ma ba ta ɗago kai ba.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni gida. Na gode wa Yaya Talatu da masauki da ruwan zafinta, ta yi iya abin da ta sani. Na gode wa Rabi. Mama Chundung kuwa, na aika mata da miya a kwanon sha, na ce ta gaya min gaskiya. Ta aiko cewa miyar ta yi daɗi, amma ba tawa ba ce.