Mai Tare wa Wasu Iska

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Habu, wanda duk Agege ta sani da Habu Keke. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi, ba haɗarin motar haya ta danfo ba, kamar yadda mahaifiyarmu ta yi ta fargaba. Allah ya jiƙansa. Ni ce ƙanwarsa da ta riƙa wanke masa rigunan tsere tun ina budurwa, don haka na san irin zufar da bawan Allahn nan ya zubar.

Da tseren keke Habu ya ci abinci. Wata ƙungiya ta ɗauke shi tana ba shi albashi, ya zaga jihohi, ya leƙa har ƙasashen maƙwabta. Amma bai taɓa shigowa gida da kofi ba, ko na shan shayi. Duk sanda ya dawo, tambayar 'yan majalisar ƙofar gida ɗaya ce, na nawa ya zo. Sai ya ce can baya ya ƙare, amma ƙungiyarsu ce ta ci. A kwashe da dariya. Babban yayanmu, Yaya Isuhu, dillalin shanu a mayanka, cewa yake a zuriyarmu kaf ba a taɓa yin wanda ya aske gashin ƙafa, ya sa matsattsen wando, don kawai ya je ya zo na kusa da ƙarshe ba.

Ni kaɗai ya taɓa yi wa bayani, wata rana ina tsintar shinkafa. Ya ce a tseren titi iska ce babbar abokiyar gaba. Wanda ke gaba shi ke shan ta, na bayansa yana laɓe yana tara ƙarfi. Aikinsa shi ne ya shiga gaba ya tare wa gwanin ƙungiyarsu iska, ya ɗebo masa ruwa daga motar ƙungiya da ke bin su, in tayar gwanin ta fashe ya cire tasa ya ba shi. In an kusa ƙarshe, shi ya riga ya ƙare, sai ya kauce gwanin ya wuce. Na ce to ya gaya musu mana. Ya ce wanda bai gani da idonsa ba, magana ba za ta shige shi ba. Wallahi haƙurin Habu yakan ba ni haushi, har yau ma.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Keken da ake ɗagawa da yatsa biyu, samarin unguwa suna kallon tseren ƙasashen waje a waya suna musu. Na san zai ja tsaki ya ce har yanzu ba a gyara ramukan titinmu ba. Amma abin da zai tsaya masa a rai shi ne Nura, ɗansa ɗaya tilo, wanda ya girma ya hau keke, kuma ƙungiyarsa ta ɗora shi a kan irin aikin ubansa.

A bara Yaya Isuhu, wanda shi ya riƙe Nura, ya yanke hukunci. Ya ce akwai tseren da za a yi nan Legas, in Nura bai zo na ɗaya ba, ya jingine keken ya biyo shi mayanka, don ba zai zuba ido a sake yin asarar ƙuruciya a gidan ba. Nura ya zo mini ido jajur. In ya bar aikinsa ya nemi na ɗaya, ya ci amanar abokansa. In ya yi aikinsa, ya rasa keke. Na ce wa Yaya na yarda da sharaɗin, amma sai ya je ya gani da kansa.

Safiyar Lahadi muka tsaya bakin titin da aka rufe, yana ta mita. Duk zagayen da suka yi, Nura ne a gaba, kansa a sunkuye, iskar teku tana dukansa, sauran sun jeru a bayansa. Yaya ya fara murmushi yana nuna wa mutane ɗansa. Ana gab da ƙarewa Nura ya kauce, wani yaron Yarabawa ɗan ƙungiyarsu ya fito daga bayansa ya cinye. Nura ya iso can baya, da ƙyar yake taka feda. 

Sai ga wanda ya ci ya bar masu hoto tsaye, ya ratsa mutane, ya rungume Nura yana kuka. Kocinsu ya zo ya ɗaga hannun Nura sama. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Ladidi, haka Habu yake yi?"

Na ce haka yake yi, Yaya, duk tsawon shekarun nan.

Ya cire hula ya share fuska da ita. "Kuma muka yi ta yi masa dariya."

Ba a sake zancen mayanka ba. Habu bai bar kofi ba, amma ya bar ɗa mai irin zuciyarsa, da tsoho guda da yanzu yake hana kowa sakat a majalisa da bayanin iska. Ranan nan wani ya tambayi Nura na nawa ya zo. Kafin ya buɗe baki Yaya ya ce wa mai tambayar ya je ya tambayi wanda ya ci, wa ya kai shi.